Alƙalamin Gamba da Kurtun Tawada

Duk wanda ya buɗe tsohon Alƙur'ani rubutun hannu na Barno ko na Kano, abin da zai fara gani shi ne kaurin baƙi da zaman harafi daram a kan layi. Wannan siffa daga bakin alƙalami ta fito. Shi ya sa nake ganin mai son koyon rubutun tsoma alƙalami a tawada ya kamata ya fara da fiƙar alƙalaminsa da haɗa tawadarsa, kafin ya shiga kwaikwayon hannun wani gwani. Tarihin sana'ar ne ya nuna haka.

Rubutunmu ɗan gidan rubutun Magrib ne: fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, karatu kuma ruwayar Warshu. Barno ce cibiyarsa ta farko a wannan yanki. Cikin Alƙur'anan Barno da masani A. D. H. Bivar ya bincika a ƙarshen shekarun 1950 akwai mai ɗauke da tarihin 1669, da sharhi a tsohon harshen Kanembu tsakanin layuka. Dixon Denham, wanda ya zauna a Kukawa a shekarun 1820, ya ba da labarin cewa ana kai rubutun malaman Barno har Arewacin Afirka da Masar a sayar da tsada. Takardar kuwa baƙuwa ce, mai tambarin wata uku, daga masana'antun arewacin Italiya, ta biyo ayarin Sahara. Abin lura a nan shi ne galibi takarda kaɗai ake saye. Alƙalami daga gamba ko karan dawa ake fere shi, tawadar allo daga gawayi da ƙaro, ta takarda kuma daga irin su bagaruwa da aka jiƙa da ƙarfe. A launin tawada, ja na wasali ne, rawaya na hamza, kore na alifin da ake sadarwa. Marubuci shi ne maƙerin kayan aikinsa, kuma tun yana ƙolo a tsangaya yake koyon wannan, yana rubutu a allo yana wankewa, shekaru kafin a yarda ya taɓa takarda mai tsada.

Hikimar wannan tsari a fili take ga wanda ya san aikin. Faɗin bakin alƙalami shi ne ma'aunin harafi. Da shi ake sanin tsawon alif da girman cikin sad. Wanda ya fere da hannunsa ya san abin da ya sa layi ya yi kauri a nan ya sirance a can, kuma in alƙalami ya fara yin gashi ko ya buɗe baki, gyaran wuƙa ne na ɗan lokaci. Haka tawada. Ƙaro ya yi yawa, sai ta yi danƙo ta ƙi sauka, in ta bushe ta riƙa ɓarewa. Ya yi kaɗan, sai ta bi takarda ta yi naso. Tsomawa ma ilimi ce. Kara ba ya riƙe tawada da yawa, haruffa kaɗan ne sai a koma kurtu, don haka hannu yake koyon inda ake ɗaga alƙalami ba tare da an karya kalma ba. Mafari da ya cika tsomawa zai ɗige shafi a harafin farko, kuma gara ya ɗige allo.

Za a ce wannan wahala ce kawai, tunda akwai bakin ƙarfe na kanti. Maganar tana da ƙarfi. Tun shekarun 1820 masana'antun Birmingham a Ingila, irin na John Mitchell da Joseph Gillott, suka riƙa buga bakin alƙalami na ƙarfe da inji, suka kawar da gashin tsuntsu a makarantun Turai, kuma bakin ƙarfen ba ya dakushewa da wuri. Ga mai son rubutun boko na ado, wanda ake danna baki ya buɗe a saukowa, shi ne kayan aikin da ya dace, ba ni da ja. Amma mafi yawansu an yi su ne don hannun da ke tafiya daga hagu zuwa dama. Mai tsinin cikinsu yana cakar takarda idan aka tura shi ta fuskarmu, kuma ba ya ba da baƙi mai nauyi irin na Kanawa sai an maimaita layi, wanda idon gwani ke ganewa nan take.

Suka ta biyu ta fi tsanani: ɗab'i ya zo, Alƙur'ani bugun Alkahira na 1924 a ruwayar Hafsu ya cika kasuwa, biro ya shiga aljihun kowa, to wa ke buƙatar kurtu? Sai dai abin da ya faru a Kano ya saɓa wa wannan hasashe. Da injin buga hoton shafi ya samu a tsakiyar ƙarni na 20, 'yan kasuwar littafi ba su watsar da marubuta ba, rubutun hannunsu suka riƙa ɗauka suna bugawa, domin almajiri ba ya sakewa da haruffan Gabas. Ta wannan hanya hannun Sharif Bala Gabari ya shiga makarantun allo a faɗin ƙasar Hausa da ƙetare, har ya zama ma'aunin da ake gwada wasu da shi. Inji ya yawaita shafi, amma asalin shafin da alƙalamin kara aka rubuta shi. Illar da ta biyo baya ita ce yanzu matasa da yawa suna zana siffar harafin da maka, su cike ciki kamar masu fenti, su sami kama ba tare da sanin tafiyar hannun da ta haife ta ba. Irin wannan rubutu yakan yi kyau a allon zayyana na sauka, amma ba ya kai mutum izu sittin da hannu ɗaya bai sauya ba, wanda shi ne jarrabawar da alarammomi ke yi wa marubuci har yau.