Kamfanin May & Baker da Maganin Sanƙarau

Ko wane yaro na ƙasar Tambuwal da Kebbe ya san abin da manya su ke tsoro in hunturu ya wuce, bazara ta kama, iska ta bushe, ƙura ta tashi. Sanƙarau ke nan. Yaro ya kwana lafiya lau, ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai, kafin la'asar wuya ya sanƙare, wani ma ba ya ganin wayewar gari. To, 'yan makaranta, ga tarihin wani kamfanin magunguna na Ingila, May & Baker, wanda ƙwayarsa ta karya lagon wannan cuta a zamanin kakanninku.

Sai mu fara da yadda a ke ciki kafin zuwan maganin, don in ba ku san zafin rana ba, ba za ku san daɗin inuwa ba. A shekara ta 1905 annobar sanƙarau ta ratsa Nijeriya ta Arewa. Ta sake dawowa, har a shekara ta 1921 aka ƙiyasta mutum wajen 45,000 sun rasu a Lardin Sakkwato kaɗai, alhali jama'ar lardin duka ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Tambuwal da Kebbe kuwa cikin lardin nan su ke. A lokacin likita ba shi da wata dabara sai ware marasa lafiya, da hana taro. Cikin mutum goma da cutar ta kama, bakwai ko takwas su kan tafi. Waɗanda suka tashi kuma, wani ya kurumce, wani hankalinsa ya taɓu.

Shi kamfanin nan asalinsa ƙarami ne. A shekara ta 1834 wani Bature, John May, da abokansa biyu suka buɗe wurin haɗa magunguna a Battersea, wata unguwa ta Landan. Da abokan nan suka fita daga sha'anin, sai William Baker ya shigo a 1839, daga nan aka sami sunan. Suka yi ta sayar wa masu kantin magani kafur, da maganin sa barci don aikin fiɗa, da sauran irinsu. A 1927 wani kamfanin Faransa ya sayi mafi yawan hannun jarinsu, amma ya bar musu sunansu. Da suka cika shekara 100 suka ƙaura zuwa Dagenham, gabas da Landan, suka gina babbar ma'aikata. Har zuwa nan ba wani abin da ya shafe mu.

Abin da ya shafe mu daga Jamus ya faro. A 1935 wani likita, Gerhard Domagk, ya bayyana cewa wani jan rini ya na kashe ƙwayoyin cuta cikin jikin mai rai. Kun ji, rini! Masana a Faransa suka bincika, suka gane ba jan ke aikin ba, wani ɓangare ne na rinin wanda ba shi da launi, shi a ke kira salfa. Nan fa kamfanoni suka shiga tsere, ko wanne ya na ɗan sāke ƙirar salfa ko ya dace da wanda ya fi ƙarfi.

A Dagenham shugaban masu bincike shi ne Arthur Ewins, mai taimakonsa Montague Phillips. Al'adarsu ce duk abin da aka haɗa a rubuta shi cikin littafin gwaji, a ba shi lamba. A watan Nuwamba na 1937 aka rubuta lamba ta 693. Ku dubi yawan lambobin da suka gabace ta, ku ga irin haƙurin mutanen nan. Likita Lionel Whitby ya jarraba ta ga ɓeraye, ta yi. A 1938 aka ba mutum 100 masu ciwon haƙarƙari, watau namoniya, a wani asibitin Birmingham, 8 suka rasu, alhali cikin 100 da ba a ba su ba 27 suka rasu. Sunan da duniya ta san ta da shi ke nan, M&B 693.

Yadda ta ke aiki abin sha'awa ne. Akwai wani abinci wanda ƙwayar cuta ba ta hayayyafa sai da shi. Salfa ya yi kama da abincin nan ƙwarai, sai ƙwayar ta ruɗu ta ɗauke shi, kamar kazar da aka watsa wa tsakuwa ta ɗauka tsaba ce. Ta kāsa haihuwa, jiki ya sami sarari ya gama da sauran.

A 1939 likitoci a Sudan suka ba masu sanƙarau, mutuwa ta ragu har ta koma kamar ɗaya cikin goma, ko ƙasa da haka. Ba da daɗewa ba aka shiga amfani da ita a ƙasarmu. A ganina babbar falalarta ita ce ta dace da ƙauye. Ƙwaya ce, zafi ba ya ɓata ta, ba ta bukatar babban asibiti. Malamin asibiti na En'e ya na iya ɗaura gwangwaninta bayan keke ko bisa doki, ya kai har rumfar zana da aka kafa wa marasa lafiya a bayan gari. Amma ta na da nata aibi. Ta kan sa amai, kuma in ba a sha ruwa da yawa ba ta kan taɓa ƙoda. Ku tuna kuwa da bazara a ke cutar, sa'ad da rijiya ta ke ƙasa.

A watan Disamba na 1943 Winston Churchill ya kwanta da namoniya kusa da Tunis, aka ba shi M&B, ya tashi. Jaridun duniya suka yi ta yayatawa. Ni dai yaran ƙauye da ta tayar, waɗanda ba a rubuta sunansu ko ina ba, sun fi mini nauyi.

Kada ku ɗauka sadaka kamfani ya ke yi, ɗan kasuwa ne, inda ya ga ciniki nan ya ke kafa rumfa. A 1944 ya buɗe reshe a Ikko, ya na kawo magani daga Ingila ya na sayarwa. Sai a 1976 ya fara haɗawa a Ikeja. A 1994 aka sa hannun jarinsa a kasuwa, a 2002 Turawa suka janye, ya zama na 'yan ƙasa, a 2011 kuma ya buɗe sabuwar ma'aikata a Ota. Can gida kuwa sunan ya nutse cikin manyan kamfanonin Faransa, har Sanofi, wanda ya gaji ma'aikatar Dagenham, ya rufe ta a 2013. Ɗa ya riƙe sunan da uba ya rasa.

Ita ma ƙwayar zamaninta ya wuce. Tun wajen ƙarshen shekarun 1960 cutar ta saba da salfa, ta daina jin sa, dole aka koma ga allurai. A 1996 sanƙarau ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Daga 2011 aka shiga yi wa jama'ar Arewa rigakafin irin da a ke kira A, wanda ya fi ɓarna a da, ya kusa ɓacewa. Ana murna, sai a 2013, shekarar da aka rufe Dagenham, wani sabon iri na C ya ɓulla a ƙasar Tambuwal. Ya taɓa Jihar Kebbi, ya haura Nijar a 2015, a 2017 kuma ya kashe fiye da mutum 1,000 a Nijeriya, galibi a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu.

A shekarar nan ta 2017 Gwamnatin Tarayya da May & Baker na Nijeriya suka sabunta yarjejeniyar wani kamfanin haɗin gwiwa, Biovaccines, da nufin a riƙa yin allurar rigakafi a gida. A 2024 Nijeriya ta riga ko wace ƙasa fara amfani da sabuwar allura mai tare iri biyar na sanƙarau gaba ɗaya, har da wancan na Tambuwal. A Pune, cikin ƙasar Indiya, aka yi ta.