Kayan gano cutar kwamfuta: wanne shagon gyara zai fara saya, wanne zai iya jira

Da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke isa teburin gyara a Farm Centre da ke Kano, ko Banex Plaza a Abuja, na hannu ne, waɗanda suka yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin su tsallako. Tun bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, har dala ta tashi daga kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, sayen sabuwa ya gagari ɗalibi da ɗan jarida da mai ƙaramin shagon buga takardu. Sai dai gyara. Mai gyaran da ba shi da abin awo kuwa canki-canka yake yi: ya sauya batir, ya sauya caja, ya sauya sikirin, mai kaya yana biya, cutar tana nan.

Saboda haka zaɓen kayan bincike yana farawa ne daga abin da ya fi kashe kwamfuta a nan, wato wutar lantarki mai hawa da sauka, da janareta, da jabun caja, da zafi, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka.

Mita da na'urar ba da wuta

Abin saye na farko shi ne mita, mai auna ƙarfin wuta kuma mai yin ƙara idan hanya biyu sun haɗu. Ba sai mai tsada ba, amma ta zama mai siraran allurai, domin ƙafafun da ke kan babban allon kwamfuta a matse suke, kuma allura mai kauri tana iya haɗa biyu ta ƙona abin da lafiyarsa ƙalau. Da ita ake tabbatar da cewa caja na ba da bolt 19 zuwa 20 da yawancin kwamfutocin ke buƙata, sannan a duba ko akwai bolt 3.3 da bolt 5 a kan allon.

Na biyu ita ce na'urar ba da wuta ta kan tebur, wadda ake iya ƙayyade mata iyaka. Mai bolt 30 da amfiya 5 ta wadatar. Darajarta tana cikin lambar da take nunawa da zarar an jona ta. Idan wutar ta yi tsalle ta kai iyakar da aka sa, to wani abu ya haɗe a ciki, abin da masu sana'ar ke kira shot. Idan lambar ba ta motsa ba ko kaɗan, a fara neman matsalar daga bakin shigar wuta. Idan ta ɗan motsa, sannan ta ƙaru bayan an danna makunni, allon yana raye, sai a koma kan RAM ko sikirin ko manhajar BIOS. Cikin minti ɗaya an rage zargi, ba a kwance komai ba.

Kyamarar da ke ganin zafi tana nuna ainihin inda shot ɗin yake, amma tana iya jira. Ƙwararru kan zuba barasar goge allo a wurin da suke zargi, su tura wuta kaɗan, kamar bolt 1. Inda barasar ta fara bushewa, nan zafin yake. Na'urar oscilloscope ita ma ta wanda ya yi nisa ce a gyaran allo. Madubin ƙara girma ya fi su gaggawa, haka ma igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu don sauke wutar da ke taruwa a jiki, musamman lokacin hunturu da iska ke bushewa.

Manhajoji

A nan abin mamaki shi ne mafi amfaninsu kyauta ne, wasu ma suna cikin kwamfutar tun daga kamfani. A Dell ana danna F12 yayin kunnawa a zaɓi gwaji, a HP ana danna Esc sannan F2, a kwamfutocin Apple masu injin Intel kuma ana riƙe harafin D. Umarnin powercfg /batteryreport a Windows yana fitar da ƙarfin da aka ƙera batir da shi da wanda ya rage masa, abin da duk mai sayen ta hannu ya kamata ya nemi gani kafin ya biya.

Ga RAM akwai MemTest86, wadda aka fara fitarwa a 1994, da 'yar uwarta Memtest86+. Gwajin yana ɗaukar awanni, kuma kuskure ɗaya tak ya isa hujja. Ga faifan ajiya akwai CrystalDiskInfo, mai karanta rahoton SMART da faifan ke rubutawa game da kansa: awannin da ya yi yana aiki, da sassan da suka lalace. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja haɗari. Sai dai shuɗin ba rantsuwa ba ne, domin faifai kan mutu ba tare da ya yi gargaɗi ba. HWiNFO tana nuna zafin injin, H2testw kuma tana tona asirin filashin da aka rubuta masa girman da ba shi da shi. Da Ventoy ana iya tara da dama daga cikin irin waɗannan a filashi ɗaya.

Faifan da ya fara ƙara ko ya nuna rawaya ba a wahalar da shi da gwaji. Ana fara kwashe abin da ke cikinsa ne zuwa wani faifan da manhaja irin ddrescue, wadda ke tsallake wuraren da suka lalace ta dawo kansu daga baya. Idan abin ya wuce nan, ƙaramin shago ya fi dacewa ya tura aikin ga masu na'ura irin PC-3000, wadda kuɗinta ya kai dubban daloli. Manhajar kuɗi da aka fasa aka sauke daga intanet kuwa, sau da yawa ɗauke take da ƙwayar cuta, kuma filashin mai gyara yana shiga kwamfutoci da yawa a mako.

Akwai sabon gwaji da ya zama dole tun ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0, kuma a mafi yawan lokuta injin Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Umarnin tpm.msc yana nuna ko akwai shi. Kashe kuɗi mai yawa kan kwamfutar da ba ta cika wannan sharaɗin ba shawara ce da mai kaya ya kamata ya yanke da saninsa.

Inda doka ta shigo

Babban gibin shi ne zanen allo, wanda kamfanoni da yawa ba sa saki. Mai gyara a Kaduna ko Zariya ya dogara ne da kwafin da ke yawo a intanet. A Amurka wannan ya zama batun siyasa: a Disambar 2022 jihar New York ta sanya hannu kan dokar da ta tilasta wa masu ƙera kayan lantarki samar wa shaguna masu zaman kansu kayan bincike da sassan gyara.

A Najeriya dokar da ta fi kusa da teburin gyara ita ce ta kare bayanan jama'a, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2023, ta kuma kafa hukumar NDPC. Filashin da ke tayar da kwamfuta don gwaji yana iya buɗe hotuna da takardun mai ita ba tare da kalmar sirri ba, matuƙar faifan ba a kulle yake da BitLocker ko makamancinsa ba. Gwajin RAM da batir da zafi ba ya buƙatar buɗe fayil ko ɗaya, don haka mai kaya yana da damar tambayar dalilin da ya sa ake neman kalmar sirrinsa. Ga ƙananan masu sarrafa bayanai, tarar da dokar ta tanada tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.