Bosomtwe: Tafkin Da Ruwansa Ba Ya Fita

Kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, idan aka bi hanyar Atonsu aka wuce Kuntanase, sai mota ta fara gangarawa cikin wani kwari mai kama da ƙwarya. A ƙasan kwarin nan Tafkin Bosomtwe yake, kuma shi kaɗai ne babban tafkin da ba hannun mutum ya yi shi ba a duk ƙasar Ghana, domin Tafkin Volta da ake ji da shi madatsar Akosombo ce ta haifar da shi. Da yawa daga cikinmu 'yan Zango mun san Bosomtwe a matsayin wurin shan iska ranar hutu, a je Abono a ci soyayyar karfasa a dawo. Kaɗan ne suka san cewa duk ƙoramun da ke kewaye da shi cikinsa suke zuba, amma babu ko ɗaya da ke fita daga gare shi. Ruwansa ta sama yake tafiya, idan rana ta ƙafar da shi. Abin da ruwan ya ɗauko kuwa, nan yake zama.

Dalilin haka yana cikin asalinsa. Masana sun tabbatar cewa wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya sama da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, ya haƙa rami mai faɗin kilomita 10 da rabi. Ƙarfin faɗuwar ya kai har an tsinci narkakkun duwatsun da ya watsar a ƙasar Kwaddibuwa. Ruwan sama ya taru a ramin, ya zama tafki mai faɗin kusan kilomita 8, zurfinsa kuma ya haura mita 70.

Tonawa, wato Asante kamar yadda kakanninmu fataken goro ke kiran su, suna da nasu labarin. Sun ce wani maharbi mai suna Akora Bompe, mutumin Asaman, ya harbi gada, ya bi sawunta har ta faɗa wani ɗan kududdufi ta ɓace. Sai ya zauna a wurin yana kamun kifi, ya kira shi Bosomtwe, ma'ana abin bautar gada. Sun kuma yi imani cewa rayukan mamatansu kan biyo ta tafkin su yi bankwana. Wannan ba aƙidarmu ba ce, amma mai bin tarihi ba ya tsallake ta, don daga cikinta dokokin da suka tsare ruwan suka fito.

Wanda ya rubuta waɗannan dokoki dalla-dalla shi ne Baturen nan R. S. Rattray, a littafinsa Ashanti na 1923. Masu sha'awar adabin Hausa za su tuna da sunan, shi ne ya buga tatsuniyoyin da Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a 1913. A zamanin da ya ziyarci tafkin, ba a sa masa ƙarfe, ba ƙugiya, ba tasa, kuma ba a hawansa da kwalekwale. Masunci kan hau wani gungumen itace ne da suke kira padua, ya riƙa tura ruwa da hannu ko da sakaina. Har yau za ka ga masu hawan padua da sassafe. Idan kifi ya yi ƙaranci, akan yanka saniya a wurin dutsen Abrodwum, wanda suke ɗauka cibiyar tafkin, da sanin fadar Asantehene.

A ajiye batun abin bauta a gefe, a dubi abin da dokokin suka yi a aikace. Mutumin da ke kan gungume ba zai iya jan ƙatuwar raga ba, ba zai yi nisa ba, ba zai kwashe kifin da ya fi ƙarfin hannunsa ba. Ko da niyya ko ba da niyya ba, an yi wa kamun kifi linzami, kuma tafkin da ba wani kogin da ke kawo masa sabon iri yana bukatar linzamin. Akwai nau'in karfasa a cikinsa da ba a samun su sai a nan da 'yan ruwayen da ke kusa. Mu ma a namu ɓangaren ba baƙon abu ba ne, domin tun a makarantar allo aka koya mana cewa Manzon Allah (SAW) ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu, malaman fiƙihu kuma suka ware wa rijiya da kogi harimi.

Tafkin yana da nasa halin da mutanen da ke gefensa suka daɗe da sani. Lokaci-lokaci akan wayi gari ruwan ya canja launi, wari ya tashi, kifaye su taso sama suna haki har a kwashe su da kwando. Tsofaffi kan ce Bosomtwe ya tashi albarushinsa. Bayanin masana shi ne ruwan ƙasa ba shi da iskar shaƙa, ga ruɓaɓɓen ganye da laka, idan sanyi ya sa ruwan sama ya yi nauyi ya nutse, sai na ƙasa ya taso. To duk abin da aka ƙara wa tafkin na taki ko bahaya ko dagwalo, ƙara wa wannan ruɓa ƙarfi yake yi. Haka kuma ruwan ya sha hauhawa ya ci ƙauyuka, mutane su ja da baya su hau tudu, kututturan itatuwan da ya cinye suna nan tsaye a cikinsa.

A 2004 wata tawagar masana daga ƙasashe daban-daban ta kafa injin haƙa a kan ruwan, ta zaro laka mai kaurin kusan mita 300 daga ƙasansa. Lakar nan shimfiɗe take kashi-kashi, kamar shafukan littafi. Wani bincike da aka wallafa a 2009 ya karanto daga lakar tafkin cewa Afirka ta Yamma ta sha fari mai tsawon ƙarnuka, na baya-bayan nan daga wajen 1400 zuwa 1750. Tafkin da ya adana ƙurar farin da ya fara shekara ɗari shida da suka wuce ba zai kasa adana ledar ruwan da aka jefa masa ranar Ista ba.

Canjin ya zo ne a hankali. Kiristanci da boko suka rage tsoron haramce-haramcen gargajiya, ragar roba mai ƙananan idanu ta shigo, jirgi mai inji ya fara yawo da 'yan yawon buɗe ido. Jama'ar ƙauyuka sama da ashirin da ke kewaye, irin su Abono, Ankaase, Amakom da Obo, suka ƙaru, kifi ya ragu ya kuma ƙanƙance, sai masunta suka koma noma. Aka sare dajin gangaren aka shuka koko da ayaba da rogo. Gangaren kuwa mai tsayi ne, ruwan sama ɗaya ya isa ya wanko ƙasa da taki da maganin feshi ya kai su inda ba za su fita ba. Daga baya masu kuɗin Kumasi da Akara suka gano daɗin wurin, aka shiga sayen filayen bakin ruwa ana gina masaukai. Ban ga laifin ɗan Abono da ya sayar da fili ko ya nemi aiki a otal ba, talauci ba ya jiran bayanin masana. Tambayar da ya kamata a yi wa kowane gini ita ce ina masansa ke zuba.

Mu mazauna Buokrom da Moshie Zongo da Aboabo ba sai an ba mu labarin yadda ruwa ke mutuwa ba. Rafin Aboabo da na Subin sun zama kwatami muna kallo, alhali su suna gudu, damina na ɗan wanke su. Madatsar Owabi da aka fara a 1928 don shayar da Kumasi ta samu kariyar doka, har ta shiga jerin dausayoyin Ramsar a 1988, amma gidaje sun ci dajinta, shara da yashi suna cike ta. Kogin Offin da ke ciyar da madatsar Barekese, galamsey ya mayar da dogon sashe na ƙasansa kamar kunu. Kuma yankin da Bosomtwe yake ƙasar zinariya ce.

A takarda dai kariya ba ta yi kaɗan ba. Akwai Hukumar Albarkatun Ruwa da aka kafa da dokar 1996, akwai manufar 2011 da ta ce a bar tazarar itatuwa tsakanin ruwa da gona ko gini. A 2016 UNESCO ta sa Bosomtwe cikin keɓaɓɓun wuraren da take son a daidaita rayuwar mutane da ta halittu, na uku a Ghana bayan Bia da Songor. Ƙungiyar A Rocha Ghana ta yi aiki da ƙauyukan wajen dashen itatuwa da kafa kwamitocin kula da albarkatu. Sai dai UNESCO ba ta da ɗan sanda, kuma tafkin ya faɗa ƙarƙashin gunduma fiye da ɗaya, Bosomtwe da Bosome Freho na cikinsu, kowace da nata ofishin ba da izinin gini.

A ganina ƙarfin yana nan inda yake tun zamanin Rattray. Filayen bakin tafkin na kujerun sarauta ne, sarakuna ke sa hannu kafin a kafa tubali, su kuma suna amsa kira a fadar Manhyia. Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda ke kan karaga tun 1999, ya riga ya tuɓe wasu sarakunansa saboda hannu a galamsey. Ranar da aka tuɓe wani don ya sayar da filin da ke cikin tazarar ruwa, sauran sarakunan gefen tafkin za su ji labari kafin la'asar.