Waiwaye Adon Tafiya: Yadda Magabatanmu Suka Kula da Masu Taɓin Hankali

  

Gabatarwa

Abin da ya zaburar da ni ga wannan rubutu, a gidanmu ya faru. Akwai wani ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata, yaro natsattse mai son karatu, wanda yana shekararsa ta uku a jami'a lamarinsa ya canza. Ya daina barci, ya daina shiga mutane, in ya zauna alwala sai ya yi ta maimaitawa har a idar da sallah bai tashi ba. Da aka dawo da shi gida, wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce sammu aka yi masa. Ni kuwa, da kunya nake faɗa, ce masa na yi raunin imani ne, ya ƙara istigfari. Aka ajiye shi a ɗakin baya, ana ce wa baƙi ya yi tafiya, don kada maganar ta fita ta hana ƙannensa mata samun miji. Sai da aka shekara kafin a kai shi asibiti. Yau alhamdu lillahi ya samu sauƙi ya koma karatunsa, amma shekarar nan ba za ta dawo ba. Wannan ya sa na koma tarihi, don in ga yadda Musulmin da suka gabace mu suka yi da irin ƙanena.

Malamin Balkh

Sunan da ya fara tsayar da ni shi ne Abu Zaid Ahmad bin Sahl Al-Balkhi. An haife shi wajejen shekarar 850 Miladiyya a kusa da birnin Balkh, cikin Afghanistan ta yau, ya yi karatu a Bagadaza wajen Al-Kindi, ya rasu a 934. An fi saninsa da ilimin labarin ƙasa, amma ya bar wani littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus, wato abin da ke gyara jikkuna da rayuka. Kashi na farko yana magana kan lafiyar jiki, kashi na biyu kuma, mai babi takwas, kan lafiyar rai. A ciki ya zargi likitocin zamaninsa da cewa sun tattara hankalinsu a kan jiki kaɗai, alhali jiki da rai a haɗe suke, in ɗaya ya kamu ɗayan ba ya tsira. Ya kuma nuna cewa babu ɗan Adam ɗin da ya kuɓuta daga irin waɗannan larurori, illa dai wani nasa ya fi na wani tsanani.

Malamin ya kasa larurorin gida huɗu: fushi, da tsoro da firgici, da baƙin ciki, da waswasi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai wanda aka san dalilinsa, kamar rasuwar masoyi ko asarar dukiya, wanda nasiha da lallashi da gyaran tunani ke warkarwa. Akwai kuma wanda ke faɗo wa mutum haka kawai babu wani dalili na zahiri, ya kashe masa jiki, ya hana shi jin daɗin komai. Wannan ya ce tushensa a jiki yake, don haka yana buƙatar maganin likita. Mai karatu ya lura da kyau, malami ne Musulmi ya rubuta wannan shekaru fiye da 1,000 da suka wuce, kuma bai tuhumi imanin mara lafiyar ba.

Game da waswasi, irin wanda ya kama ƙanena, ya yi gargaɗi kan abubuwa biyu: kaɗaici da zaman banza, domin a cikinsu ne mugun tunani ke samun fili. Mu kuwa ɗaki muka ba yaronmu, muka raba shi da abokansa da littattafansa, wato muka haɗa masa duka biyun. Har ila yau ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunane-tunane tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar buƙata, ya kuma nemi amintaccen mai ba da shawara, don mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani a kan ta kansa.

A nan nahiyarmu ma, a Ƙairawan ta Tunisiya, wadda duk ɗalibin da ya karanta Risala ya san sunanta, an yi likita Ishaƙ bin Imran a ƙarshen ƙarni na 9, wanda ya rubuta littafi sukutum a kan ciwon matsananciyar damuwa. A ƙarni na 11 aka fassara shi zuwa Latin, likitocin Turai suka amfana da shi.

Bimaristan

Ilimin bai tsaya a takarda ba. A manyan biranen Musulmi an gina asibitoci da ake kira bimaristan, kalmar Farisanci mai nufin wurin marasa lafiya, kuma da dukiyar waƙafi ake tafiyar da su. Ahmad bin Ɗulun ya gina ɗaya a Masar wajejen 872, da sashen masu taɓin hankali a ciki. Masana tarihi sun ruwaito cewa duk Juma'a yakan zaga asibitin da kansa, har ranar da wani majinyaci da ke ɗaure ya roƙe shi rumman, da aka ba shi sai ya jefe shi da shi; daga nan sarkin bai sake zuwa ba. Nuruddin Zanki ya gina nasa a Dimashƙa a 1154, Sarki Ƙalawun ya gina Al-Mansuri a Alƙahira a 1284, inda ake jinyar mai kuɗi da talaka, namiji da mace, kyauta. A Halab akwai na Argun Al-Kamili, na 1354, mai ƙananan tsakar gida da maɓuɓɓugan ruwa a tsakiyar ɗakunan majinyata.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kada mu ƙawata tarihi fiye da yadda yake. Matafiyin nan Ibn Jubair, da ya ziyarci asibitin Dimashƙa a 1184, ya ga likitoci na zuwa kowace safiya suna duba marasa lafiya, ana rubuta sunayensu da abin da aka kashe musu, amma ya ga masu taɓin hankali a cikin sarƙa. A wancan zamani babu magunguna irin na yau da ke kwantar da wanda ciwo ya yi wa tsanani. Irin waɗannan sai a shekarun 1950 aka samo su. Su suna da wannan uzuri, mu ba mu da shi. Abin koyi a wurinsu shi ne sun ajiye mai taɓin hankali a ƙarƙashin rufi ɗaya da mai karaya da mai ciwon ido, a matsayin mara lafiya. Fiƙihu ma haka ya ɗauke shi: an ɗauke masa alƙalami, an wajabta wa waliyyinsa tsare masa dukiyarsa da haƙƙinsa.

Mu Kuma Fa?

A Nijeriya, Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidajen tsare masu taɓin hankali a Kalaba da Yaba a farkon ƙarni na 20, suka kafa doka a 1916 wadda ta fi damuwa da kulle mutum a kan warkar da shi, da yawa ma a kurkuku aka ajiye su. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya zo da wani tsari a Aro, kusa da Abekuta: mara lafiya ya zauna a ƙauyen da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan uwansa, ya riƙa zuwa karɓar magani. A Sudan, Dakta Tijjani Al-Mahi ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da malaman addini. Kuma wani ɗan Sudan ɗin ne, Farfesa Malik Badri, wanda ya rasu a 2021, ya fassara kashi na biyu na littafin Al-Balkhi zuwa Turanci a 2013. Tsohuwar dokarmu ta 1958 kuwa ba a maye gurbinta ba sai a Janairun 2023, lokacin da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Kafin nan, a Satumbar 2019, duniya ta ga yadda 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan matasa da yara daga wani gidan mari a Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma iyaye da dangi ne suka kai mafi yawansu da hannunsu.

Kammalawa

'Yan uwana matasa, addu'a da ruƙiyya ta shari'a gaskiya ne, kuma ba su taɓa hana zuwa asibiti ba, kamar yadda ba su hana mai karaya zuwa wajen maɗori. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin ciki har ganinsa ya tafi, kuma shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a littattafan Sira. Wane ne mu da za mu ce wa mai damuwa ba shi da imani?

Idan ka ga abokinka ya daina barci, ya janye jikinsa, ko yana yawan zancen gara ya mutu ya huta, kada ka mayar da abin wasa. Zauna ka saurare shi, ka sanar da babban da ka amince da shi, a kai shi ga likita da wuri. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Ga iyayenmu kuma, cikin ladabi nake cewa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni dai na je na roƙi ƙanena gafarar maganar da na faɗa masa, ya kuma yafe mini.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinyarsu haƙuri da lada, Ya yafe mana kurakuranmu.