Majigin 'Yan Hauka Na Birnin Akra

A shekarar 1954 wani Bafaranshe mai ɗaukar majigi, Jean Rouch, ya bi wasu 'yan ci-rani daga ƙasar Nijar zuwa wani daji a bayan birnin Akra, lokacin ƙasar Gana tana hannun Ingilishi. Akasarinsu Zabarmawa ne, leburori da 'yan dako, baƙi a garin mutane kamar yadda kakanninmu suka zauna a nan kudu. Suna da wani irin bori da ake kira Hauka, wanda ya ɓulla a yankin Filinge wajen 1925. Iskokinsa ba irin waɗanda muka saba ji ba ne: Gwamna ne, da Janar, da Kofur, da matar Likita, wato dai Turawan mulki.

Rouch ya ce shugabannin borin ne da kansu suka gayyace shi. To, ya ɗauka kuwa, bai rage komai ba. Ga mutane kumfa na zuba a baki, ido ya juye, ana fareti da bindigogin katako, har aka yanka kare aka ci. A ƙarshe ya nuno su washegari a bakin aikinsu, suna murmushi, lafiyarsu ƙalau.

Da aka haska majigin a Paris a 1955, sai wuri ya yamutse. Ɗaliban Afirka da ke zauren suka ce an tozarta baƙar fata. Malamin Rouch ɗin kansa, Marcel Griaule, ya ba shi shawarar ya lalata fim ɗin. Ingilishi kuma suka hana nuna shi a Gana, don sun gane su ake kwaikwayo. Duk da haka ya ci kyauta a Venis a 1957.

Abin dubawa a nan, jama'a, shi ne izinin. Lalle sun yarda a ɗauke su. Amma leburan da bai taɓa taka Turai ba, ina ya san yadda Bature zai kalli bakinsa da jinin kare? Ya yarda da na'urar da ke gabansa ne kawai, ba a tambaye shi game da 'yan kallo ba. A ganina nan gizo ke saƙa. Ousmane Sembène na Senegal ya faɗa wa Rouch ido da ido a 1965 cewa yana kallon 'yan Afirka kamar ƙwari.

Rouch bai ƙona majigin ba, amma a ayyukansa na gaba ya ƙara sakar wa mutanen da yake ɗauka baki. A fim ɗin da ya yi a Abijan, wanda ya fito a 1958, wani ɗan dako daga Yamai, Oumarou Ganda, shi ya ba da labarinsa da muryarsa. Ganda ya koma gida ya zama mai shirya fim, har ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Shi kuwa Rouch, a Nijar ajali ya same shi, a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004.