Isabel Crook

Isabel Crook malamar Turanci ce 'yar asalin Kanada wadda ta shafe mafi yawan rayuwarta a ƙasar Sin. An haife ta a birnin Chengdu ranar 15 ga Disamba 1915, iyayenta 'yan mishan ne. Ta yi karatu a Jami'ar Toronto.

A 1940 ta soma bincike a ƙauyen Xinglongchang tare da ƙawarta Yu Xiji, suna bi gida-gida suna tambayar manoma halin zamansu. Ta auri David Crook, Baturen Ingila, a 1942. Daga 1948 su biyun suka riƙa koyar da Turanci a makarantar da ta zama Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing, kuma ɗalibansu da dama sun zama jakadu.

A zamanin Juyin Juya Halin Al'adu na ƙasar Sin an ɗaure mijinta daga 1967 zuwa 1973, ita ma aka tsare ta shekara 3, amma ba su bar ƙasar ba. A 2019 Shugaba Xi Jinping ya ba ta Lambar Abota. Ta rasu a Beijing ranar 20 ga Agusta 2023, tana da shekara 107.