Rabon Gado a Kotunan Gunduma na Virginia

A da, a Ingila kotunan coci ne ke tabbatar da wasiyya, amma da yake a lokacin babu bishop a Virginia, wadda ke ƙarƙashin mulkin Ingila kuma aka kasa ta gunduma takwas a 1634, sai aikin ya koma hannun kotunan gunduma. A wancan zamani, idan mutum ya rasu, shaidu sukan rantse a kan wasiyyarsa, in kuwa bai bari ba, kotu takan naɗa wakili, wato wanda zai biya basussuka kafin a raba saura, sannan maƙwabta su yi wa dukiyar ƙima, tun daga tukwane har shanu. Matar mamacin takan ci moriyar sulusin gonakinsa muddin ranta. Abin takaici, a cikin lissafin ƙimar dukiyar ake rubuta sunayen bayi da farashinsu, kuma rabon yakan raba uwa da 'ya'yanta.